Uban Yaƙi Mai Hular Soja

Tatsuniya da dare akan yi ta, a gama a kwanta, gari ya waye an manta. Wanga abu da za ni faɗi da rana tsaka ya faru, ran Lahadi, cikin kasuwar Filinge, idon jama'a buɗe, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa.

Ni mai ginin tukwane ce. Tulu da randa da kasko na gada wurin uwar mijina, kuma wurinta na gaji wani ɗan aiki wanda mata ba su ɗauke shi bakin aiki ba, ginin kayan yaƙin laka. Yaƙin laka wasa ne na mazan ƙasarmu Kurfai. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai su share gindin gawo, su zana gari biyu bisa rairayi da yatsa, kowa shi jera rundunarshi. Akwai bijimi, shi aikinshi ture. Akwai raƙumi mai dogon zango. Akwai maharbi, wanda ke kashewa daga nesa. Can bayansu duka sai uban yaƙi, tsawonshi bai wuce ɗan yatsa ba. Ana watsa tsagin kara, waɗanda sunka faɗi rigingine su ke nuna takun da za a yi. Wanda anka ci garinshi shi zai miƙa uban yaƙinshi da hannunshi, wanda ya ci shi sa babban yatsa shi ɓalle mishi kai gaban kowa, a yi shewa. Haka munka tarar. Ba zagi ba ne, ba gaba ba ce. Washegari wanda ya sha kaye shi zo wurina da gangar jikin, in ɗora sabon kai, in gasa bakin murhu, a koma fage.

Ina da ɗan fari. Ba za ku ji sunanshi bakina ba. Wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ma duniya ta san zafinshi. Tun ran da anka yaye shi kakarshi ta ɗauke, ni in zancenshi ya kama sai in ce wancan. Ubanshi ya rasu wancan shina saurayi, sai ya bi ayarin masu cin rani zuwa kurmi, bakin teku. Can ya koyi aikin gwangwani da dalma. Da ya komo gida ya yi aure, ya kafa rumfa cikin kasuwa shina liƙin bokiti da fitila.

Wata rana ina bayan danga na ji shi shina gardama da ƙanen ubanshi. Shina cewa bijimi da raƙumi sun tsufa, yaran yanzu motocin soja su ka gani suna wucewa arewa, ba mai kallon laka kuma. Tsohon ya ce mishi wasan da ya ishi kakanka ya ishe ka. Bai ji ba.

Motoci ya fara ƙerawa da gwangwani, ƙafafunsu marafan kwalba. Ran da ya kai su gindin gawo sai sunka nutse cikin rairayi, ko tura su ba a iyawa. Maza sunka yi ta dariya, wani ya ce mishi, "Motarka ta kafe, maƙeri, a kira maka jaki?" Ya kwashe kayanshi ya komo gida. Ashe can bakin teku ya taɓa ganin wani ƙarfe mai dogayen ƙafafu, tsaye kamar zalɓe, shina sauke kaya daga jirgin ruwa. Shi ya tuna. Ya cire gare-garen, ya lanƙwasa wayar ƙafar keke ya yi musu sangali da gwiwa, ya fasa marafan kwalba ya yi musu tafi mai faɗi irin na raƙumi. Sai ga motoci sun tsaya bisa rairayi da ƙafafunsu, ana ɗaga su ana yi musu taku.

Bai zubar da tsohon wasa ba, riga ya sake mishi. Bijimi ya koma wata gajeruwa mai faɗin ƙirji, ta gwangwanin sardin, amma ture ne aikinta har yanzu. Raƙumi ya koma doguwa, ta gwangwanin tumatir. Maharbi ya samu bindiga ta bututun biro bisa kafaɗa. Kuma yaron ga shina da wayo irin na ƴan kurmi: bai fid da su gaba ɗaya ba. Kasuwa ga guda, kasuwa mai zuwa wata, shina rufe ta da tsumma sai jama'a sun taru. Har daga Tabla da Bonkuku ana zuwa ana tambaya, "Mi ya fito yau?" Ya samo wani tsohon ƙyaure ya ɗora bisa duwatsu, ya kewaye bakinshi da katako, ya cika da rairayi. Wasa ya tashi daga ƙasa ya hau tebur. To nan ne malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikata masu gugaggen wando sunka fara tsayawa, don ba su ɓata tufa. Nan ne kuma ido ya yi yawa.

Uban yaƙi ya bari ƙarshe, don ya rasa yadda zai yi da shi. Gwangwani lanƙwashewa shikai, ba shi ɓallewa, wasa kuwa ba ya ƙarewa sai kai ya faɗi. Sai ya aiko matarshi wurina. Ta durƙusa ta ce, "Inna, wai ya ce a gina mishi kai na laka, a bar rami ƙasa inda waya za ta shiga. Wai kar a sa mishi rawani irin na da, a sa mishi hular soja, a karkace ta gefe."

Na gina. Yadda na saba na gina: na murza laka, na tsunkule hanci, na huda idanu da ƙaya, na danna hula da babban yatsa na karkace ta. Ban yi tunanin kowa ba.

Shekarar nan ƙasa ba kwance take ba. An ce wasu sojoji sun so su juya mulki a Yamai, abin bai yi ba. Tun daga nan mutum kan kwana gidanshi a wayi gari babu shi. Maza in za su ce soja sai sun waiwaya. Ba wanda ya san wa ke ɗaukar magana shina kaiwa, sai dai kowa ya san tana zuwa.

Ran Lahadin da uban yaƙi zai fito, tukwanena suna jere inda ni ka hango rumfarshi. Ya yaye tsumma. Ga mota mai ƙafa biyu an shafe ta da koren fenti, ga kan da na gina bisa. Jama'a sunka matso. Sai wani daga baya, ban ga ko wane ne ba, ya ce cikin dariya, "Kai, wanga ai mai ƙasa ne." Anka yi dariya, dariyar ta yi gajarta, ta mutu. Da nan anka tsaya da ba abin da ya faru. Amma an riga an jera runduna, wani malamin lakwal da wani dillalin shanu baƙo sun zauna, kara ya fara faɗuwa. Malamin ne ke riƙe da sabon uban yaƙi, shi kuma anka ci. Ya miƙa. Dillalin ya sa babban yatsa, ƙas, kai ya gangara cikin rairayi da hularshi. Baki ya riga hankali, mutane sunka yi shewa yadda anka saba yi tun kakanni.

Kafin la'asar motar jandarma ta tsaya bakin rumfa. Dillalin ya daɗe da kora shanunshi, malamin ya ɓace. Wancan sunka tarar shina tattara kaya. Sunka ɗora shi, sunka ɗora ƙyauren, sunka kwashe motocin cikin buhu. Wani jandarma ya durƙusa shina tona rairayi da yatsa har ya samo kan. Ina zaune cikin tukwanena, wata mata tana taya kasko, ina amsa mata. Ban tashi ba. Ba a san uwar ɗan fari da tashi ba.

Ƙanen ubanshi ne ya tafi wurin jandarma washegari, don shi ya kamata. Ya komo bai daɗe ba, hularshi a hannu. Ya tsaya bakin ɗakina, bai shigo ba.

"Ran Laraba motar Yamai za ta tashi," in ji shi. "An ce da shi ciki."

Na ce, "Don wasa?"

"Don kai. An ce an gina kan shugaban ƙasa an karya cikin kasuwa, ana shewa. Sun tambaye shi wa ya gina, ya ce shi." Sa'an nan ya ce, "Matar yaya, ki zamna gida. Ya rufe ki, ki bar shi shi rufe ki. In kin tahi, biyu za su ɗauka."

Wanda motar Yamai ta ɗauka a zamanin nan, ba a tambayar yaushe zai komo. Gidan kaso na can ba a san ƙofarshi ba. Matarshi tana ɗaki tana kuka da goyo, ni kuwa na ɗauki taɓarya na yi daka, na yi tankaɗe, na dama fura na raba, don kar a ce an ga wani abu a fuskata. Maƙwabta mata sunka shigo yi ma matarshi jaje, ni sunka gaishe ni da aiki. Daidai sunka yi. Haka al'ada ta ce.

Ran Talata da hantsi na ɗebi laka cikin ƴar ƙwarya, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, na tsinke ƙayar aduwa guda na soke a bakin zane, na fita. Ban faɗa ma kowa ba.

Na daɗe zaune bisa benci a barandar jandarma kafin a shigar da ni. Kumandan ba mutumin ƙasarmu ba ne, Hausarshi ta gabas ce. Bisa kanshi ga hoton shugaban ƙasa rataye. Bisa teburinshi ga motocin nan an jera su tsaye, ga uban yaƙi ba kai, ga kan an ajiye shi bisa farar takarda shi kaɗai. A gefe wani jandarma na zaune gaban injin rubutu, duk abin da anka faɗi shina bugawa. Wani na tsaye bakin ƙofa.

Na durƙusa na ce na zo ne kan zancen maƙerin gwangwani. Kumandan ya sa anka fito da shi. Ba riga, ba takalmi, ido guda ya kumbura ya rufe. Na mai da fuskata bango.

"Me ya haɗa ki da shi?"

"Gidanmu guda, ranka ya daɗe."

"Akuya ma gidanku guda. Na ce me kike gare shi?"

Tun ran da na sauke shi duniya ban taɓa faɗin maganar nan shina ji ba. Na ce, "Ni na haihe shi." Ji na yi kamar an kwance mini zane tsakar kasuwa. Na ce, "Kuma ni na gina kan ga. Shi ƙarfe ya iya, bai iya laka ba."

Sai na ji muryar wancan bayana. "Ba ta san komi ba, kumandan. Ni na gina."

"Uwarka kake ƙaryatawa a gabana?" in ji kumandan. Na bakin ƙofa ya matsa, na ji ƙarar mari. Ban waiwaya ba.

Kumandan ya dubi ƙwaryata. "Mene ne nan?"

"Laka."

"To gina mu gani."

Sai da na ɗebo lakar hannuna ya gane ramin da na shiga. In kan ya fito daban, an ce ƙarya na yi, yaron shi hau mota. In ya fito iri ɗaya, ga shi na gina abin laifi cikin ofishin jandarma, ƙarƙashin hoton mai shi. Ban san wanne zan roƙi Allah ba. Hannu kuwa bai jira ni ba, fuska guda ya sani. Ya murza, ya tsunkule hanci, na zaro ƙaya na huda idanu, na danna hula. Na ɗora bisa takardar kusa da ɗan'uwanshi. Kamar an tsaga kara.

"To," in ji kumandan. "Wa kika gina?"

"Uban yaƙi."

"Da wa ya yi kama?"

"Haka ni ka gina shi tun zamanin Nasara, ranka ya daɗe. Hula kaɗai ta sake."

"Wato shugaban ƙasa ne ya zo daga baya ya yi kama da lakarki?"

Injin rubutu ya tsaya. Na ji ƙuda na yawo a ɗakin.

"Ban ce ba."

"To me kika ce?"

Dabara ta ƙare mini, in ma da ina da ita. Abin da ya rage cikina shi na zubar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa ganin shi ba. Ban san hanyar Yamai ba, hoton ga ma idona bai kai gare shi sosai. Ku kunka gane shi ido da ido. In kun ce wanga shi ne, to shi ne, ku faɗi. Ni na gina, a sa ni motar, a bar wancan shi koma ga iyalinshi."

Kumandan ya ɗauki ɗanyen kan da yatsu biyu ya kai kusa da idonshi. Ni na san abin da ya gani: hanci kamar bakin kaza, kunne guda ya fi guda, idanu ramin ƙaya. Wuyanshi ya fara juyawa wajen hoton da ke bisa kanshi, sai ya fasa. Mai injin ya ɗaga yatsu shina jiran amsa. Sai daga baya na gane abin da ke faruwa: duk abin da kumandan ya furta za a buga, takardar ta tafi Yamai da sunanshi ƙasa, a karanta can cewa shi ne ya dubi ƙazamar laka mai bakin kaza ya ce ga fuskar shugaban ƙasa. Ashe tsoron da ke kwana gidajenmu shina kwana nashi gidan.

Ya juya ga mai injin. "Kai, ya yi kama?"

"Yadda kuka gani, kumandan."

Ya juya ga na bakin ƙofa. "Kai fa? Ai kai ka tono shi."

"Ban duba shi sosai ba, kumandan. Rairayi ya shige mini ido."

Lakar ta fara laushi tsakanin yatsunshi. Na ga ya so shi matse ta shi jefar, na ga kuma ya tuna abin da ya kawo mu. Sai ya ajiye ta bisa takarda a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya goge yatsu a gefen tebur.

"Wannan bai yi kama da kowa ba," in ji shi. "Tsohuwa, ba ki iya gini ba."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Tashi ki tafi."

"Wancan fa?"

"Na ce ki tafi."

Anka mai da shi ciki, ni anka fitar da ni. Ban san abin da anka yanke ba. Laraba tun da sassafe ina gindin iccen bedi tsallaken hanya, inda ni ka ganin ƙofarsu. Wata Bafillata na zaune kusa da ni da ƙwaryar nono wadda ba ta buɗe ba, ita ma ƙofar take kallo. Ba mu yi ma juna tambaya ba. Motar ta zo, babba, mai rufin tamfol. Anka ɗora buhuna, anka ɗora ganga. Sa'an nan anka fito da mutum guda hannu ɗaure, ba shi ba ne. Anka fito da na biyu, dogo, ba riga, kanshi sunkuye. Ban tabbata ba shi ba ne sai da ya ɗaga kai zai hau. Bafillatar ta miƙe tsaye, ƙwaryar ta tuntsure. Nata ne. Motar ta tashi, ta bi ta da gudu kaɗan, ta tsaya tsakar hanya. Har yau ban san mi ɗanta ya yi ba, ban kuma san ko ya komo ba.

Rana ta take tsaka sannan wancan ya fito, ƙyauren bisa kanshi, shina ɗingishi. Motocin ba a ba shi ba. An daɗe ana ganinsu hannun ƴaƴan kumandan. An gaya mishi in ya sake ɗora kai bisa wani abu, ko hula, ko koren fenti, ba tambaya za a yi mishi ba. Ya gane ni gindin bedi. Na tashi na kama hanya, shina biye da ni nesa kaɗan, har gida ba wanda ya ce ma wani sannu.

Sai da anka yi ruwa anka yi kaka sannan ya sake taɓa gwangwani don wasa. Sabon uban yaƙi ya fito ba kai, ba wuya, sai murfin ƙarfe shafe kamar bayan kunkuru, ja da shuɗi. Maza sunka yi ta gardama kan yadda za a ƙare wasa. Ƙanen ubanshi ya ce yaƙin da ba a ɓalle kai tuwo ne ba miya, ya bar zuwa rumfar har ya rasu. Ƙarshe anka tsaya kan cewa wanda ya sha kaye shi kwantar da uban yaƙinshi rigingine, ƙafafu sama, a yi shewa. Ba mai zuwa wurina washegari kuma. Hannuna ya fita daga wasan da ya shekara aru-aru cikin hannun matan gidanmu.

Shekaru sunka shuɗe, soja sunka sauka, anka yi zaɓe, mutane sunka fara zagin gwamnati bakin kasuwa ba su waiwaya. Sai ga matarshi ta zo ta durƙusa.

"Inna, wai ya ce in tambaye ki. Tsofaffin abokan wasa sun dame shi a maido kai, tunda yanzu farar hula ke mulki."

Na ce, "Ki ce mishi laka tana nan bakin tabki, ba ta ƙare ba. Amma soja ba mutuwa ya yi ba, bariki ya koma."

Bai sake aikowa ba. Ba a yi damina da yawa ba, wata safiya rediyo ya bar magana ya kama kiɗan soja. Lahadin da ta biyo kasuwa ta ci sama-sama, wasu rumfuna ba a buɗe ba. Shi ya buɗe tashi, ya baje rairayi, mutum biyu sunka zauna, kara ya faɗi. Motar jandarma ta wuce a hankali ta gaban rumfar, na ciki sunka leƙo. Wanda anka ci ya kwantar da uban yaƙinshi ƙafafu sama, anka yi shewa, motar ta yi gaba.